Zangon da Mai Tukwane ta Raina

Zauna ka ji wani misali. Akwai wata mata mai ginin tukwane, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya mace da kuma jariri a baya. Da yarinyar ta isa, ta sa ta aji ɗaya na firamare. Kullum in an tashi, yarinyar kan dawo da wani abu. Yau murafun kwalba a leda, wai na lissafi ne, tana jera su tana ƙirgawa. Gobe ƙwayar wake a gwangwanin madara, wai an ce ta riƙa ba ta ruwa ta ga ranar da za ta tsiro. Wata rana waƙar wanke hannu kafin cin abinci, wata rana zanen gidansu, inda akuya ta fi ɗakin girma. Uwar tana ta kallo tana murza yumɓu. Ita a saninta aiki shi ne abin da za a ƙwanƙwasa a ji ya yi ƙara, kamar tulun da ya gasu. Ta ce a ranta, ashe wasa suke yi. Rani ya shigo, masu sayen randa suka yi yawa, ga goyo ba mai riƙewa. Sai ta ce wa 'yar ta zauna gida zango ɗaya, in an fara karatun gaske sai ta koma. Yarinyar ta yi kuka kwana biyu, sannan ta ɗauki ƙaninta ta goya. Zango ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama shekara.

Da ta mayar da ita, aka sa ta aji biyu tare da sa'o'inta. Sai ga waɗancan yaran suna haɗa baƙi da wasali suna karanta jimla, suna tara lambobi a allo, malama ta tambayi abin da shuka ke bukata, aji duka ya amsa da murya ɗaya. 'Yar mai tukwane ta yi tsuru, alli a hannu, ba ta san inda za ta sa shi ba. Aka mayar da ita aji ɗaya, inda ta fi kowa tsawo, ƙanana suna ce mata iyar aji. Wata safiya uwar ta je ɗibar yumɓu a bakin kududdufi, ta tarar da 'yarta zaune a gindin gawo cikin kayan makaranta, tana jiran a kaɗa ƙararrawar tashi don ta koma gida kamar ta je. Ashe kwana goma ke nan tana haka. Uwar ta bar kwandonta a nan, ta tafi wurin malama, ta roƙe ta ta tattara abin da ya wuce ta zuba wa yarinyar cikin mako guda. Malamar ta ce, "Iya, da zan iya nuna miki ranar da suka koyi karatu, da na ba ta wannan ranar. Babu ita. Kullum kaɗan ne." Matar ta dawo gida, ta lallashi 'yar, ta yi faɗa, ta sake lallashi, yarinyar ta ce ita dai kunya ba za ta bar ta ta sake shiga ajin nan ba. Ba ta kuwa koma ba. Uwar ta rayu tana ganin sa'o'in 'yarta suna wuce ƙofar gida da littattafai, ajinsu na ƙaruwa shekara bayan shekara, tana sunkuyar da kai a kan tukunyar da take gini. Ta gane a makare abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: da yayyafi kogi kan cika.