Mai Daddawa da Shafin Mujiya

Ƙanwata, kin ce hotunan namun dajin nan da aka raba wa iyaye a makaranta ba su da wani amfani sai ƙunsa ƙosai. To, gyara zama ki ji misalin wata mai daddawa, don ita ma haka ta ɗauka.

Matar nan tana da wata tsohuwar ɗorawa a bayan danga, gadon uwarta ce, kuma duk kalwar da take dafawa daga jikinta take fitowa. Wata shekara sai mujiya ta tare a kogon ɗorawar. Ita kuwa baiwar Allah mace ce mai saurin faɗuwar gaba, yaro ya yi tari sau ɗaya ta jiƙa magani kala uku. Tun tana 'yar ƙarama take jin ana cewa in mujiya ta yi kuka a kan gida, to a fara neman likkafani. Saboda haka duk ranar da tsuntsuwar ta yi kuka, gari na wayewa sai ta bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana taɓa goshinsu. Da abin ya ishe ta, ta aika wa wani tsoho mai saran itace ya zo ran Laraba ya kayar da ɗorawar. Ta san sana'arta za ta faɗi tare da bishiyar, amma ta ce gara a rasa kalwa da a rasa ɗa.

Ana cikin haka, ran kasuwa ma'aikatan gandun daji suka zo suna raba kalanda, kowane wata da hoton dabbarsa da ɗan rubutu a ƙasa. Karatunta bai kai ya kawo ba, amma akwai ta da son hoto. Ta kai ɗaki tana buɗawa: ga gauraka, ga barewa, ga bushiya ta dunƙule kamar curin daddawarta, har ta yi dariya ita kaɗai. Tana ɗaga shafi na bakwai sai ga mujiya ta ƙura mata ido. Ta ce a ranta, wato har ɗaki za ki biyo ni? Nan take ta yage shafin, ta ƙunsa daddawa a ciki, ta miƙa wa maƙwabciyarta da ta zo saye. Ta ji sakayau, ta rabu da jaraba.

Ita maƙwabciyar tana zuwa ajin yaƙi da jahilci, irin masu sabon karatun nan ne da ko kwalin ashana ba sa bari ya wuce ba su karanta ba. Ran Laraba da hantsi, tsoho na wasa gatarinsa a gindin ɗorawa, sai ga ta tafe da takardar nan duk ta yamutse.

Ta ce, "Yaya, daddawarki ta yi daɗi, amma ƙunshin ya fi ta."

"Ke dai jefar da abin nan, don Allah."

"Ina! Nan an rubuta baƙuwar taki ɓera take ci. In ta haɗiye shi, sai ta cure gashin da ƙashin ta amayar a ƙarƙashin inda take kwana. Sun ce wanda bai yarda ba ya je ya fasa ya gani."

Mai daddawa ta taɓe baki, ta ce ai takarda ba ta ƙin tawada. Amma maganar ta tsaya mata, don ta san ƙulle-ƙullen nan masu ruwan toka. Wata da watanni tana share su da nisa-nisa, tana tsammani sammu ake zubar mata. Ta tsuguna a gindin ɗorawar, ta yi bismillah, ta sa tsinke ta fasa ɗaya. Sai ga gashi, ga ɗan muƙamuƙi da haƙora biyu dogaye. Ta fasa na biyu, ta fasa na uku, duk kanwar ja ce. Haƙoran nan kuwa ba baƙinta ba ne, su ne suke huda mata buhunan kalwa kowace shekara. A nan ta tuna bana ko buhu ɗaya ba ta yi wa faci ba, ita kuma tana ta yabon raguwar kyanwarta, har da ƙara mata kan kifi.

Tsoho ya gaji da tsayuwa, ya ce, "Uwar gida, in sara ko in tafi? Rana na yi."

Ta ce, "Baba, saɓa gatarinka. Ashe mai gadina na tashi kora, ga ta ko tuwo ba ta taɓa roƙo ba."

Tsoho ya sha fura, aka ba shi curin daddawa biyu na miya, ya kama hanya yana dariya. Ita kuwa ta karɓi shafinta, ta miƙar da shi a ƙarƙashin tabarma, ta liƙe shi da ƙaro a inda ta yago shi. Shekarar nan kaf kalandar tana ƙamshin daddawa, kuma duk sabon wata sai maƙwabciya ta shigo ta karanta mata labarin dabbar da ke kai. Taɓa goshin yara dai ba ta daina ba, uwa ce, amma ba don mujiya ba. Da bazara ɗorawa ta yi 'ya'ya har rassa suna rinjaya.

Shekara arba'in tana tsoron abin da aka gaya mata, tsinke ɗaya ya raba ta da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.