Mai Awarar Bakin Makaranta

An yi wata mata mai suyar awara a bakin wata makarantar firamare, a gindin darbejiya. Da kaskon nan take ci da gidanta. Tana da ɗa namiji a aji huɗu, ga kuma goyon 'yar wata shida a bayanta, yarinya mai kumatu wadda ba ta san ƙyuya ba. Da an kaɗa ƙararrawar hutu sai yara su yanyame matar, kuma rabinsu ba awara ce ta kawo su ba. Wannan ya ja ƙafar jaririyar, wannan ya lakace mata kumatu, wancan ya yi mata atishawa a fuska yana dariya.

Da bazara ta kama, sai labari ya iso cewa ƙyanda ta shiga ƙauyukan hayin kogi. Gaban matar ya faɗi, domin ba a bakin mutane ta san ƙyanda ba, ita ce ta ɗauke mata 'yarta ta fari. Saboda haka ranar da masu rigakafi suka sauka a makarantar, ita ta fara kwance goyonta ta miƙa. Malamar asibitin ta ce a'a, wannan allurar sai yarinya ta cika wata tara. Matar ta ce, "To kafin nan fa, malama?" Malamar ta ce, "Kafin nan, lafiyar masu taɓa ta ita ce lafiyarta."

Matar ta koma gaban kasko. Zaman gida ba nata ba ne, kuma ko ta zauna, ɗanta zai kwaso abin da ke makarantar ya kai mata har ɗaki. Ga shi tana kallo yara suna tsallake katanga don sun ji an ce allura, iyayensu kuwa ba su ce a yi ba, ba su ce a bari ba. Ita ba malama ba ce balle ta tara iyaye ta yi musu wa'azi. Abin da ke hannunta shi ne gyara, ɗan ƙarin nan da mai saye ke tsayawa jira bayan an sallame shi. Ta lura duk yaron da aka yi wa allura ana shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, sai ta kafa doka: mai tawada yana da gyara har da yaji, marar tawada kuwa ya karɓi daidai abin da ya saya ya ba ta wuri. Kai ma ka san yaro da gyara. Zai iya jure yunwa, amma ba zai jure ya ga abokinsa yana lasar yatsa ba. Kafin masu rigakafi su bar garin, yaran da suka tsere su ne suka addabi uwayensu da kuka sai da aka rako su aka yi musu.

Sai dai ba a rasa masu wayo. Wasu 'yan samari suka samo bula, shuɗin nan da ake sa wa fararen kaya in an wanke, suka rina faratansu, suka zo suna miƙa yatsa da ƙarfin hali. Da ma matar ba ta ba yaro awara sai ya wanke hannu, buta da sabulu na nan gefen murhu. Tawadar masu allura ba ta jin ruwa. Ta waɗannan kuwa, ana zuba ruwa sai ga shuɗi yana bin gwiwar hannu. Ta ɗaga kai don ta ga masu wannan aiki, sai ta yi ido huɗu da ɗanta na cikinta, wanda ke kwana tabarma ɗaya da jaririyar.

Kunya ta kama ta, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Ta yi ta gadin 'ya'yan mutane, ashe ɓarakar a ɗakinta take. Ba ta dake shi ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta sauke kasko da sauran awara a cikin mai, masu saye na tsaye, ta riƙe wuyan hannunsa. Sauran ta bi da su gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wa uwayensu shuɗin da ke hannun rigunansu, aka ɗunguma har asibitin garin aka yi musu allurar. Nata ne ya fi kowa ihu. Jikinsa ya ɗan yi zafi washegari, ya wartsake ya koma ƙwallonsa.

Bayan 'yan makonni ƙyanda ta haye kogi tare da 'yan cin kasuwa. A garin da ke gaba da su sai da aka rufe makaranta, yara kwance ido jawur, wasu gidajen har da zaman makoki. A nan kuwa ta kama wani yaro baƙo da ya zo ziyara, aka yi jinyarsa ya tashi, ta rasa inda za ta sa ƙafa ta gaba. Ba a fasa karatu ba, yara ba su fasa jan ƙafar jaririyar ba. Ranar da ta cika wata tara uwar ta kai ta da sassafe. Allura na shiga yarinya ta tsala ƙara, uwar kuwa tana dariya tana share hawaye da bakin zani.

To ka ji. In ana maganar lafiyar 'yan makaranta, kada ka ce ai naka ɗaya ne ba zai hana komai ba. Masu iya magana sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.