Ruwa Iya Gwiwa

"Ruwan fa iya gwiwa ne!" Likitan ya daka wa matan da ke zaman makoki tsawa.

Jiya farfaɗiya ta kayar da ƙanwarsa tana wanki a kududdufin da masu haƙar kuza suka bari a Naraguta. Mata suka yi cirko-cirko, kowa na tsoron kumfar bakinta, har ta daina motsi. Shi kuwa yau ya sauka daga Ibadan, inda ya koyi auna ƙwaƙwalwa da sabuwar na'ura, ga ƙwayoyin maganin ƙanwar tasa a jaka.

"Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba iskoki ba! Ba a ɗaukarsa ta yawu! Wace marar imani ce ta tsaya kallo?"

"Haba Likita, kwana ne ya ƙare," in ji gwaggonsa.

"Jahilci dai, Gwaggo!"

Sai ya ji an riƙe gefen rigarsa. Mahaifiyarsa ce, muryarta can ƙasa.

"Babana, ashe ko da na ɗago ta, babu abin da zai same ni?"

Tun da ya shiga makaranta, yau ne ya fara fatan ina ma a ce bai san amsar ba.