Garmar da Ta Ƙi Tashi

Nizar ya sake jan sandar ɗagawa. Injin ya yi gurnani, hannuwan taraktar suka yi rawa, garmar ta tashi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, sannan ta koma ta zauna.

Ya naushi sitiyari har fatar hannunsa ta saluɓe.

Idan babu garma a jiki, hannuwan sukan tashi lafiya lau. Da an ɗaura musu nauyi sai su mutu. Haka ake ta fama tun ranar da ruwan farko ya sauka a tuddan Baja na ƙasar Tunisiya, maƙwabta duk sun yi huɗa sun zuba alkama, gonarsu kaɗai ta rage a kwance.

Mahaifinsa Belgasim yana zaune a kan dutse cikin rigarsa ta ulu, yana jan carbi. Shekara talatin babu wanda ya taɓa jar taraktar nan sai shi, amma bana ya ce idonsa ya raunana, hannunsa na karkarwa.

"Ka duba mai?" ya tambaya.

"Na duba, Baba. Na zubar da tsohon, na zuba sabo."

"To, wataƙila matatar mai ce ta toshe."

Nizar ya kwanta a ƙarƙashin tarakta, ya ciro matatar, ya wanke ta da man dizal duk da ya ga tas take. Ya bi kowace mahaɗa da yatsa ko iska na shiga. Babu ko ɗigo.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ziyad ne, abokinsa tun yarinta, wanda ya samo musu gurbi a jirgin ruwan da zai tsallaka da su Italiya daga gaɓar garin Safakis. Shi ne jirgin ƙarshe kafin sanyi ya haukata teku. Motar da za ta kai su gaɓa za ta tashi yau bayan la'asar.

Nizar bai ɗauka ba. Ranar da ya faɗa wa mahaifinsa zai tafi, tsohon bai yi faɗa ba. Alƙur'ani kawai ya ɗauko, ya ce ya dafa ya rantse ba zai bar gida ba sai iri ya shiga ƙasa. Aikin kwana biyu ne, Nizar ya rantse yana murmushi.

Da hantsi ya ɗauko Munji bakanike a kan babur. Munji ya saurari injin, ya ja sandar, ya ce ƙarfin mai ne ke zurarewa wani wuri. Ya miƙa hannu wajen bawul ɗin da ke riƙe ƙarfin.

"Wannan bara na sa shi sabo," in ji Belgasim. "Zo ka sha shayi tukuna, Munji, ka sha hanya."

Belgasim da Munji suka daɗe a gindin bishiyar zaitun. Da Munji ya dawo bai kalli Nizar a ido ba. Ya ce famfon mai ne ya mutu, sai an aiko da wani daga Tunis, wataƙila mako mai zuwa.

"Mako mai zuwa? Kawu Munji, ka kashe ni!"

"Ni ban kashe kowa ba, ɗana," ya ce, ya hau tattara sifanoninsa.

Nizar ya zaga maƙwabta neman aron tarakta. Ɗaya tasa tana gonar surukinsa, ɗaya ya ce ya yi wa wani alkawari, na ukun ya yi ta kame-kame. Ya dawo da gudu ya ɗaure garmar da sarƙa, ya gwada jan ta haka nan. Ta kafe a ƙasa, sarƙar ta tsinke, ta wuce ta gefen kunnensa.

Aka kira la'asar. Wayar ta sake ƙara.

"Direba ya tayar da mota," Ziyad ya ce. "Kai, ka taho mana! Ka yi kaffara daga baya, azumi ne kawai!"

Nizar ya dubi gonar, ya dubi tsohon da ba shi da kowa sai shi.

"Ku tafi," ya ce.

Ya zauna a cikin turɓaya ya kifa kai a gwiwa, ya yi kukan da rabonsa da shi tun jana'izar mahaifiyarsa. Belgasim ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi ka je gida, ɗana. Akwai gurasa da man zaitun, tun safe ba ka ci komai ba."

Ya kama hanya yana jan ƙafa. Ya kusa rijiya sai ya ji injin ya tashi a bayansa. Ya juya, ya koma da sassarfa.

Garmar tana sama, cak, ƙasa na zuba daga haƙoranta. Mahaifinsa na tsaye a gefe da sifana a hannun da ba ya ko karkarwa, yana ƙara ɗaure bawul ɗin bayan ya mayar masa da sifirin, naɗaɗɗiyar wayar da ya zare daga cikinsa tun daren da Nizar ya dafa Alƙur'ani.