Ɗayar Safar

Karo na tara ke nan ƙanen wani bakanike, ɗan tseren babur, yana buga kik, babur ɗin ko tari bai yi ba. Saura awa biyu a fara gasar.

"Yaya, ko taimin ɗin ne?"

Bakaniken ya harare shi. Taimin? Shi da ya daidaita alamomin saitin lokacin tashin wutar injin har sau uku, ya auna gibin kowane bawul da siririn ƙarfen awo, a nitse kamar mai yi wa jariri aski? Shekara ashirin yana cika baki cewa ƙwayar ƙura ba ta taɓa shiga injin da ya buɗe ba.

Duk da haka ya sake kwance murfin injin. Gibi daidai, alamomi daidai, gumi kuma har cikin ido.

Matarsa ta leƙo garejin riƙe da kwandon wanki. "Maigida, ba ka ga ɗayar safarka ba? A nan na shanya ta jiya."

"Ina fama da inji kina mini zancen safa? Matsalarku ke nan a gidan nan, ba wanda ya san inda ya ajiye abu."

Ya juya a fusace ya cire kabureta, don dai a ga yana aiki. Can cikin maƙogwaron injin, inda ya toshe jiya don kada ƙura ta shiga, wani shuɗin ƙyalle ya leƙo shi.

Ya zaro safar a hankali, ya karkaɗe ta.

"Ga ta," ya ce, bai ɗago kai ba. "Adana miki na yi."