Gishirin Kantin Nata'ala

"Kai tsoho, in ba saye za ka yi ba matsa daga ƙofa, ka tare mini iska!"

Baba Arzika bai matsa ba. Ya ɗebi gishiri da yatsa biyu ya murza, ya ce wannan ai ya sha ruwa. Nata'ala mai kanti ya fizge buhun, ya ce in bai yi masa ba ya tafi ya haƙo nasa. Mutanen da ke tsaye a bakin kantin suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

Shekara goma sha biyar ke nan da zuwan Nasara, kuma wannan ne kanti na farko da aka buɗe a kasuwar Dutse. Gishiri, sukari, sabulu, ashana da kananzir, duk akwai. Mai shi baƙo ne, a Lakwaja ya tashi, bai san kowa a ƙasar ba, bai kuma damu ya sani ba. Kowa kuka yake da bakinsa. Mata sun gwammace su aiki mazansu da su je ya yarfa su.

Baba Arzika kuwa duk ranar kasuwa sai ya tako tun daga ƙauyensu da ke hanyar Kiyawa, ya sayi gishiri ɗan ƙanƙani, ko da na makon jiya bai ƙare ba.

A ƙauyen babu wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Tun da ya bar aiki a birni ya dawo ya kama noma, in ya doso majalisa sai a miƙe, a gaishe shi, a bar masa tabarmar gaba ɗaya. In ya taya akuya, ba a ja masa ciniki. Iyaye mata kan janye 'ya'yansu daga hanya in zai wuce. Ranar da matarsa Kubura ta rasu an taru an yi mata sutura yadda ya kamata, amma kafin la'asar zauren ya koma wayam. Shekara shida ke nan yana cin tuwo shi kaɗai.

Ranar da ya fara shiga kantin, Nata'ala ya dube shi tsakiyar ido ya ce, "Me kake so? Yi sauri." Tsohon ya tsaya sororo. Ya manta yadda ƙwayar idon mutum take in tana kallonka kai tsaye. Da ya koma gida ya tarar da kansa yana maimaita maganar, yana shirya amsar da zai mayar mako mai zuwa.

Haka suka saba. Nata'ala ya ce masa mai tsaurin ido, shi ya ce masa mara tarbiyya. Wani lokaci har Baba Arzika ya yi dariya ba tare da ya shirya ba, ya ji muryar kamar ba tasa ba. Sauran kwana shidan kuwa da akuyoyinsa yake magana.

Ran nan abin ya wuce na kullum. Nata'ala ya ƙulle gishirin a ganye ya wurgo masa, ƙunshin ya faɗi ƙasa ya fashe.

"Tsince abinka. Ba ni da lokacin tsofaffi."

"Ubanka ne zai tsince," in ji Baba Arzika, zuciyarsa fes.

Sai dai Modibbo, limamin unguwar kasuwa, yana wucewa a daidai lokacin. Ya ga gishiri a ƙasa, ya ga wanda aka wurga wa. Fuskarsa ta sauya. Baba Arzika ya kama hanya, da ya waiwaya daga gindin dabinon bakin kasuwa sai ya hango Modibbo ya ja mai kantin gefe yana yi masa magana a kunne.

Makon nan bai yi masa sauri ba. Ya yi ta gaya wa kansa cewa wataƙila nasiha kawai aka yi, irin wadda ake yi wa yaro a kan girmama manya, kuma mutum irin Nata'ala ba ya jin nasiha.

Ranar kasuwa ya yi sammako. Tun daga nesa Nata'ala ya hango shi, ya fito daga bayan kanta da gudu ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. A gafarce ni, ban sani ba."

An riga an ƙulle gishiri, ƙunshi babba, an ɗora a kan faifai. Baba Arzika ya kwance ya murza. Busasshe ne ƙarau.

"Wannan ya sha ruwa," ya ce, yana jira.

"Haka ne, ranka ya daɗe. A sake wani."

"Kai mara tarbiyya ne."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Tsohon ya daɗe a tsaye, yana neman idon nan da ya saba. Idon na ƙasa. Nata'ala ya ɗora tafin hannunsa a bayan wuyansa ba tare da ya san ya yi ba.

Baba Arzika ya ajiye gishirin ya juya, bai sake taka kasuwar Dutse ba. Ba ya bukatar a gaya masa abin da Modibbo ya faɗa, domin ya san wannan hannun a bayan wuya: haka mutane suke yi in an kawo su gabansa, shekara ashirin da ya yi yana hauni, mai sare kawunan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa.