Shekara Goma Sha Huɗu da Na Yanke

"Oga, kai da yaron nan sunanku na ƙarshe ɗaya, adireshinku ɗaya a Jabi. Yaya kuke da shi?"

Matar da ke rajistar sababbin ɗaliban famasi ce ta tambaye ni, takardunmu biyu a gabanta. Ta yaron, Tawfiq, ta ce shekararsa sha takwas. Tawa, wadda na rantse a kotu kafin a buga mata hatimi, ta ce ashirin da tara.

Arba'in da uku nake. Shekara ashirin ina sayar da magani a kemis, ba takardar shaida. Da na samu gurbin karatu a 2007, kunyar zama cikin yara ta kama ni. Na yanke sha huɗu, na shafe furfurata da baƙin rini.

Gumi ya gangaro mini, ina tsoron ya sauko da rinin.

"Ƙanina ne," na ce.

Ta juya gare shi. "Haka ne?"

Tawfiq ya daɗe yana kallon takalminsa. Takalmin da na saya masa ranar da sakamakonmu ya fito.

"E, Anti. Yayana ne."

Ta buga hatimi. Muka wuce.

Shekara biyar muna aji ɗaya, yana rufa mini asiri. Mun gama, har ya yi aure. Jiya na ji yana ce wa 'yarsa, "Je ki gaida Yaya."

Tawfiq ɗan farina ne. Tun ranar rajistar nan bai sake ce mini Baba ba.